Kunnen Ormanbek na Hagu

Litinin, 8 ga Janairu

Ashirin da takwas ƙasa da sifili, in ji ma'aunin da ke jikin taga. Ba wani abu ba ne.

Na sauko da shangina daga rataye na duba, dogayen katakan nan biyu da muke ɗaurawa a ƙafa mu bi kan dusar ƙanƙara. Fatar da ke ƙasan na dama ta yi sanƙo wajen diddige, shi ya sa katakon ke zamewa baya da ni in ina hawan tudu. Akwai ragowar fatar ƙafar dokin da muka yanka da kaka. Na jiƙa ta, na ja ta a jikin katakon, gashi na kallon baya, na bi da ƙusa. Biyu sun lanƙwashe, guduma ta samu babban yatsana. Matata Zeinesh ta ce ba laifin ƙusa ba ne, idona ne. Mace in ta shekara arba'in a gidanka sai ta zama likita.

Idon dai yana zubar da ruwa tun shigowar sanyin bana, musamman in da iska. Wannan bai shafi kowa ba.

Laraba, 10 ga Janairu

Mun hau dutse duba dawaki ni da Ormanbek, ƙanin Zeinesh, da gishiri a baya. Suna can saman fili inda iska ke share dusar ƙanƙara, suna tonon ciyawa da kofato. Duk suna nan, ba wadda ta rame.

Yadda aka saba, duk inda muka tsaya shan iska sai mun juyo mun dubi juna. Mutum ba ya jin lokacin da sanyi ya fara cin fuskarsa, na gabansa ne ke ganin wurin ya yi fari. In ya ce maka fari, babu gardama: a dafe wurin da tafin hannu, in jini bai dawo ba a juya gida. Da Ormanbek kuwa ba a yin wannan a natse. Ya ƙura mini ido ya ce, "Hancin nan naka, mijin Yaya, sanyi ma rasa ta inda zai fara yake yi." Na ce ya ji da faifan kunnuwansa.

Da mun fita daga cikin itatuwa sai ya ɗage kunnen hularsa na hagu don ya jiyo ƙararrawar da ke wuyan babbar goɗiya. Ji gare shi, ba laifi. Ni ba na jin ta sai na zo kusa.

Asabar, 13 ga Janairu

Talatin da uku. Rediyo ta ce wanda ya fi shi na tafe.

Hira ta tashi a gidanmu kan shayi, wai kowa da iyakar sanyin da zai fita a cikinsa. Tolegen maƙwabci ya ce shi in ta kai talatin ko sarki ne ya kira shi ba ya ɗaura shangi. Matarsa ta ce nas ɗin ƙauye ta ce masu shekaruna kada su wuce ashirin da biyar. Aka tambayi Ormanbek, bakinsa cike da baursak, soyayyen fulawar nan, ya nuna ni da haɓa. "Tawa tana wurin tsohon nan. Ran da ya juyo, na juyo."

Ni na ce ba ni da ita. Ban taɓa juyowa daga hanya don sanyi ba, kuma kowa a ƙauyen nan ya sani. Zeinesh ta ce, "To, sannu da ƙoƙari, Kabdesh. Sai a rubuta maka a kan kabari." A gaban baƙi fa.

Talata, 16 ga Janairu

Na wanke idon da ruwan shayi. Aikin banza.

Alhamis, 18 ga Janairu

Talatin da tara. An ce an ji kukan kyarketai ta wajen saman fili. Gobe sai hawa.

Zeinesh ta ɓoye mini safar hannuna ta gashi. Tana cikin tukunyar da ba a girki da ita, inda take ɓoye komai.

Juma'a, 19 ga Janairu

Arba'in da ɗaya da safe. Ormanbek ya zo, ya dubi ma'auni, ya dube ni. Na ɗaura shangina. Muka kama hanya.

A irin wannan sanyi shangi ba ya zamewa, sai ka ce a kan yashi kake jan sa. Itatuwa na tsagewa da ƙara. Numfashi in ka ja da yawa sai tari. Tsayuwar farko a cikin daji ba iska, na gan shi sarai, lafiya lau. Shi ma ya ce lau.

Da muka fito fili sai iska ta same mu a fuska. Idon ya buɗe famfo. Ruwan na fitowa yana daskarewa a gira da gashin ido, in na goge da bayan safa sai wani ya biyo. Hanya dai ƙafata ta san ta. Ormanbek ya ɗage kunnen hula, yana karkata kai, ya daɗe bai jiyo ƙararrawa ba.

Muka tsaya. Shi ya fara dubawa. Ya ce, "Fari, a kumatu, ɗan kaɗan." Ya cire safarsa, ya dafe mini wurin da hannu tsirara, yana zagina a hankali, har wurin ya soma zafi. Sannan ya miƙo fuska. "To, duba naka."

Na duba. Na ga hula, na ga farin ƙanƙara a gemu, na ga wani abu mai motsi a tsakiya. Na goge ido na sake dubawa, duk ɗaya. Dawaki kuma ba su fi tudu ɗaya a gabanmu ba.

Na ce lau.

Dawakin lafiyarsu ƙalau. Sawun kyarkecin ma tsoho ne, kuma can nesa ya bi. Muka zuba gishiri muka gangaro. A hanyar dawowa ya sauke kunnen hular, ba wanda ya sake tsayawa.

A gida Zeinesh ta cire masa hula, sai ta saki salati. Kunnen fari fat daga sama har tsakiya, da tauri, ta taɓa bai ji ba. Ya ce, "Mene ne? Ya faɗi ne?" yana dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ni ta juyo ta kalla.

"Ba ka duba shi ba?"

Na ce na duba. Kuma na duba ɗin.

Litinin, 22 ga Janairu

Kunnen ya kumbura, ya yi bororo. Nas ta ce a jira a ga inda zai tsaya, kada kowa ya kuskura ya murza masa dusar ƙanƙara irin ta mutanen da. Duk wanda ya je gaishe shi sai Ormanbek ya ce laifin kansa ne, wa ya aike shi buɗe kunne a arba'in. Haka yake ta faɗa. An ce har da rantsuwa.

Tolegen da wani ɗan'uwansa za su riƙa duba dawakin in sanyi ya yi sauƙi.

Asabar, 27 ga Janairu

Saman kunnen ya yi baƙi.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

An yanke masa rabin kunnen na sama a asibitin gunduma. Na je gidansa bayan sallar Juma'a. Yana kwance da naɗi a kai, ya ce yanzu hula za ta zauna masa daidai, da ma tana matse shi. Ya ce in ina son guntun in je in karɓo, in yi wa shangina faci. Matarsa Kulyash ta kawo shayi ta ajiye a gabana ba ta dube ni ba. Rabin kofi ta zuba, yadda al'adarmu ta ce a girmama baƙo, ba inda ta gaza. Na sha na tashi.

A bakin masallaci kuma wani yana cewa Kabdesh namijin duniya ne, ya hau a arba'in da ɗaya ya dawo ko ƙwarzane babu. Da can wannan maganar za ta ishe ni abincin rana.

Kunya nake ji. Na rubuta, shi ke nan.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Kwanakin nan ina fita tsakar gida da safe in tsaya ina fuskantar iska, in dubi kare. A sha takwas ina ganin har gashin bakinsa. A ashirin da biyu da dama-dama. Yau ashirin da shida, da iska, ban iya raba kansa da wutsiyarsa ba sai da ya yi haushi.

Zeinesh ta leƙo ta taga ta ce me nake yi a tsaye kamar turke. Na ce iska nake sha.

Talata, 27 ga Fabrairu

Ashirin da bakwai, da 'yar iska.

Ormanbek ya zo da sassafe, shangi a ƙafa, gishiri a baya, hula ɗaure tam a ƙarƙashin haɓa. Tun daga ƙofa yake kira. "Tashi, mijin Yaya! Saura kunne ɗaya da rabi, ka ga aikinka ya ragu." Ni da ma na riga na shirya, har safa na sa.

Na fito na ɗauki shangina, na juya na hagu, na ce igiyar ɗaurin ta soma cinyewa, ba za ta kai sama ba. Ya karɓa ya ja ta da hannu biyu. Ko gezau ba ta yi ba, ya miƙo mini. Na tsallaka da kaina na buga wa Tolegen ƙofa. Ya fito yana mita, ya ce saura uku ta kai talatin, na ce to ai ba ta kai ba.

Da za su tashi Ormanbek ya dawo da baya har inda nake, ya sunkuyo da fuska. "Duba mini kafin mu tafi. Na Tolegen ban yarda da shi ba, ko matarsa ba ya ganewa a kasuwa."

Na duba. Na ce ba na gani, Orman. Haka kawai ta fito, a gaban Tolegen.

Ya ce, "To. A bar mana shayi a kan murhu." Ya buga sandarsa suka tafi.

Ba wai na daina ba ne. Igiyar ma gaskiya tana son canji, ko ba yau ba. Na tsaya a ƙofa har suka shige cikin itatuwa. Ina dai jin sun shige, don daga shingen Tolegen zuwa can ban ga komai ba.