Ƙashin Kifi a Ramin Guba

Bubu Neimako,

Ina gaishe ki, kakata, tare da kakana Jimma. Ya ƙafarsa? Ya jaririyar 'yar'uwata Lijen? Ni lafiya lau a nan Amurka, sanyi ne kawai ya tsattsage min hannu.

Bakina ya kusa jawo min kora. Tankunan dattin nukiliyar da muke aiki a kansu suna yoyo cikin ƙasa. Ran Talata aka ba ni buhuna in juye a rami, na buɗe sai ga niƙaƙƙen ƙashin kifi. Na ce wa shugabarmu, Madam Tovar, "Don kun ga ɗan tsibiri? Kun zuba mana guba a gida da gwajin bama-baman nukiliyarku, yanzu kuma rainin hankali?"

Ta ce, "Ka gama, sarkin faɗa? Zo ka gani."

Ta auna gurɓataccen ruwan da ke yoyon kafin ya ratsa ƙashin, ta auna bayan ya ratsa. Bubu, gubar ta ragu a gaban idona! Ashe ƙashi kama ta yake ya riƙe gam. Maimakon kora, littafi ta ara min. Allah ya saka mata.

A ciki na karanta cewa ƙashin mutum ma haka yake riƙe ta, balle na jariri. Madam za ta auna ruwan rijiyarmu, ki aiko da kwalba ɗaya. Kafin nan, ruwan sama kaɗai za a ba jaririyar. In Jimma ya ce rijiyar ya sha har ya tsufa, ki ce masa shi ƙashinsa ya gama girma.

Jikanki mai baki,
Jorlik