Abin da Malam Ya Ɓoye Mini

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya maigida da yara, ya zaman Fatakwal?

Sati biyu da fara shan maganin damuwar da aka rubuta mini a Rano, tunanin kashe kaina ya riƙa zuwa mini. Na yi shiru, na zaci imanina ne ya raunana. Da na faɗa wa likita, sai ya ce, "Ai na gargaɗi mijinki ya sanar da ke, ya sa miki ido. Hakan kan faru da farko."

Na tambayi Malam dalilin da ya sa ya ɓoye mini, ya ce gudun bakin mutanen garinmu Fammar ne. An sauya maganin, na samu sauƙi, amma har yau na kasa kallon fuskar Malam.

Ki sa ni a addu'a, ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Hadiza