Kaskon Baba a Gindin Lalle

Kalgo

Assalamu alaikum Yaya Sirajo,

Ya gida, ya 'yan makarantarka? Tunda ka ce ka gaji da saƙon muryata, to ga rubutu, sai ka yi haƙuri da shi.

Inna dai ƙafar na ɗan sauƙi, amma likita ya ce babu ita babu shiga mota yanzu. Matsalar, ba ta cin abinci, Yaya. Kunu ma sai na yi ta lallashi. Da safe sai ta zauna bakin taga tana kallon katangarmu, ta ce, "Sumayya, ko tsuntsayen Malam sun sha ruwa?" Ka san tun rasuwar Baba ita ke cika kaskon nan na gindin lalle a lambunmu na Gwandu, ta ce sadakarshi ce. Jiya har ta ɗaure kayanta wai Gwandu za ta, ko a kan babur ne.

Don Allah ka ɗauko mata hotonsu. Jajayen nan ƙanana take so, da kanari. Ni ma wallahi ina kewar kukansu.

A gaida Anti Rahamatu.
Ƙanwarka, Sumayya

Gwandu

Wa alaikumus salam.

Muna lafiya, alhamdu lillahi. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙi. Lambu yana nan, na ma gyara shi. Ga hoto.

Sirajuddeen

Kalgo

Salam Yaya,

Haba Malam guda! Ni za ka yi wa haka, ni da nake kwana a intanet? Tsuntsu kan ƙanƙara, a Gwandu? Har da sunan Baturen da ya ɗauka a ƙasa!

Na so in yi dariya, amma Inna ta riga ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo min wayar ta ce, "Wanga ba namu ba ne." Ta juya ta fuskanci bango. Ranar ko shayi ba ta sha ba.

Ka faɗa min gaskiya, mi ya faru?

Sumayya

Gwandu

Assalamu alaikum Sumayya,

Kin yi gaskiya, ki ba Inna haƙuri. Na so ne ta dawo ta tarar da wuri tsaf. Na sassabe lallen, na share ciyawa, na jingine tsohon kaskon a bayan rumbu, na sayo sabon kwanon silba na ajiye a tsakiyar fili. Kullum ina cika shi. Ko kurciya ba ta sauka ba. Ina zama bayan la'asar inda Baba ke zama, shiru kawai. Ban san gidan ya yi girma haka ba.

Yayanki

Kalgo

Yayana,

Na karanta mata. Ka san sai da ta tashi zaune? Ta ce in gaya maka kai da karatunka! Wai kwanon ya yi zurfi, ga ƙyalli, ga fili fetal, shaho na gani daga sama, wa zai sauka? Ka maido kaskon gindin abin da ya rage na lallen, ka rufa mishi ƙaya da kara. Ka nemo dutsen da Baba ke sawa a tsakiya, kanshi suke tsayawa. Ruwa kaɗan, iya gaɓar yatsa. Sannan ka zauna ka daina motsi, kar ka yi ta gyaran murya irin naka.

Muna jira. Ta ce kayanta na nan a ɗaure.

Sumayya

Gwandu

Salam. Dutsen na same shi cikin shara. Yau da hantsi sun zo. Ga hoton, bai fita sosai ba.

Sirajuddeen

Kalgo

Yaya!

Da wayar maƙwabciya nake rubuto maka, tawa tana hannun Inna tun ɗazu, ta hana ni. Ta sha kunu, ta ce a ƙara. Ta kwance kayan.

Rabin hoton babban yatsanka ne. Na ce bari in yanke shi, ta buge min hannu. Wai in bar mata, shi ma ta daɗe ba ta gan shi ba.

Gobe ma ka turo.

Taka, Sumayya