Kujera Ta Bakwai

Zuwa gare ki Corinne, sanyin idona, hasken da ya riske ni bayan na ɗauka rana ta faɗi, ruwan farko a gonar da mai ita ya daina duban sama,

Ina taya ki murna! Allah ya sani ina taya ki murna. Jiya gwamna ya zaɓe ki daga cikin mutum ukun da kwamiti ya miƙa masa, ya ce ke za ki hau kujerar da marigayi Mai Shari'a Brandvold ya bari a Kotun Ƙolin jiharmu. A rediyon mota na ji. Na gangara gefen titi, na kashe inji, na yi ta kallon karan masara da ƙanƙara ta binne. Wane irin namiji ne zai ji an ɗaukaka abar ƙaunarsa, ya kifa kai a kan sitiyari yana kuka? To ga shi nan, shi ne yake rubuto miki.

Kin tuna ranar da muka je bakin kogin Missouri kallon gauraki? Sanyi yana yanka kunne, kina sanye da takalman robar ƙanena da suka yi miki yawa, kofi ya huce a hannunmu ba mu sani ba. Na yi ta kame-kame, na yi maganar kogi, na yi maganar farashin taki, har kika gaji kika ce, "Wendell, lauyan da ba ya barin alƙali ya sha ruwa, yau kuma an ɗaure masa harshe? Faɗi, ko in buga gudumar kotu!" Na faɗa. Kika yi dariya har gaurakin suka tashi, sannan kika ce in riƙe zoben sai an gama girbi, ba za ki yi baiko shari'u sun yi miki katutu ba. A lokacin ke alƙaliyar gunduma ce can nesa da garinmu, babu wata ƙara tawa da ke zuwa gabanki. Ni da na haura hamsin, ranar na koma gida ina waƙa kamar saurayi. Kafin a gama girbin, Brandvold ya rasu.

Ya rabin raina, kin san abin da ya shiga tsakaninmu, amma bari in faɗa da bakina ko zuciyata ta yarda. Orval Tuttle yana ɗaurin rai da rai. Ya shiga kurkuku gashinsa baƙi wuluk, yanzu ya yi fari fat, kuma ni nake ɗauke da ƙarar da ya ɗaukaka tun ina da ƙarfin hawa bene da gudu. Alƙalai shidan da suka rage sun saurare mu, suka yi kunnen doki, uku nan uku can. In aka tashi a haka, hukuncin kotun da ta ɗaure shi ne zai zauna daram. Shi ya sa suka ce a jira a cike kujera ta bakwai, mai ita ya raba gardama. Kuma alƙaliya ba ta zama a kan shari'ar da mijinta ko wanda zai aure ta ya taɓa sa wa hannu, ko da ya saki daga baya. Zobena yana shiga yatsanki, dole ki tsame hannu, su shida su sake yin kunnen doki, Orval ya mutu a bayan ƙarfe.

Da kika kira ni ba ki yi mini kwana-kwana ba. Kika ce, "Zan gaya wa Babban Mai Shari'a komai, har gaurakin. In abota ce da ta tsaya a nan, ina iya zama. In baiko ne, ba ni ba shari'ar nan. Ka zaɓa, Wendell, ni ba zan zaɓar maka ba." Kaico! Ina ma kin kasance mai ɗan sassauci, in samu abin da zan zarge ki da shi! Amma wannan taurin kan ne ya sace ni tun farko. Ke da kika ci faston cocinku tarar gudu da mota, kika kuma zauna a layin gaba ranar Lahadi?

Ban san ɓangaren da za ki faɗa ba. Mai yiwuwa ki karanta takardun ki ga babu kuskure, ki bar shi inda yake. Ashe ba 'yancinsa nake saya da aurenmu ba, damar a saurare shi kawai nake saya. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda da irin wannan ciniki?

Yau da safe na je wurinsa, na gaya masa na miƙa ƙararsa ga wata lauya, Yolanda Prewitt, na kuma gaya masa dalili, don ban iya yi masa ƙarya ba. Ya dube ni ya ce, "Lauya, kai ma dai! Je ka auri matar nan. Ni na saba da wurin nan, har wakensu ya fara yi mini daɗi." Ya yi dariya, sannan ya juya fuskarsa bango, ya daɗe bai juyo ba. Da ya roƙe ni in fasa auren, wataƙila da na iya ƙi. Amma yaya zan karɓi kyautar sauran kwanakin mutum in yi shagalin biki da su?

Saboda haka na zaɓa, ya farin watana. Zoben zai zauna a wurina. Kotun Ƙoli ba ta san sauri ba, shekara ce ko biyu, Allah masani. Ko bayan hukunci ma, in muka yi gaggawa za a ce da ma mun ƙulla, a ɓata sunanki, a ɓata nasarar Orval in ya samu. Mu kuma ba yara ba ne, Corinne. Ina tsoron ranar da hanya za ta buɗe, a tarar ɗayanmu ba ya nan. Ina tsoro ƙwarai, kuma ina kewarki tun ba ki tafi ba.

Roƙona kaɗan ne. Kada ki ba ni amsa. Ki nuna wa Babban Mai Shari'a wannan takarda, kada a ce akwai abin da muka ɓoye. Kada ki tausaya wa Orval saboda ni, kada kuma ki tsananta masa don a ga ba ki tausaya ba. Duk inda alƙalaminki ya faɗi, ƙaunata ba za ta ragu da ƙwayar masara ɗaya ba.

Ranar Juma'a za ki yi rantsuwa, daga nan bakina ya rufu. Kin san al'ada: miji ne ke riƙe Littafi Mai Tsarki, shi ne kuma ke yafa wa matarsa baƙar rigar alƙalai a gaban jama'a. Na ji yayarki Darlene ce za ta yi miki. Ba zan zo ba, don fuskata za ta tona mu. Amma Darlene akwai gaggawa, kuma ba ta san kafaɗarki ta hagu tana ciwo in sanyi ya shigo ba. Ki gaya mata ta fara da hannun mai ciwon, ta sa miki a hankali.

Naki ne ni, ko an kira ni ko ba a kira ni ba, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Wendell