Yadda Alhaji Ya Hau Tudun Steyr

Garwa, unguwar Marware,
Laraba, cikin watan Oktoba.

Zuwa ga ƙanwata Kaltumi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Zaharaddin da yara gaba ɗaya. Yaya Libreville, yaya kasuwa? Allah Ya ƙara rufin asiri. Mu nan lafiya lau muke. Damina ta yi albarka, Binuwai ta cika har ta taɓa gonakin bakin gada, yanzu ta fara ja da baya. Inna tana nan da ƙarfinta, sai ciwon gwiwa da ba ya rabuwa da ita. Hamida ta sauka lafiya, an samu namiji, an raɗa masa Ziyad. Taufiƙ kuma ya koma makaranta Ngaundere.

Na zaɓi in rubuta da hannuna in ba Dawuda ya kawo miki, tunda jibi zai taso, domin labarin nan ba na saƙon murya ba ne da za ki kunna a tsakar gida kowa ya ji. Kin tuna ranar da na gaya miki Nazira ta aiko mana da takardun zuwa Ostiriya, ni da babanta, kika ce kada in yarda a ɗauki marar lafiya a kai shi ƙasar sanyi, in wani abu ya faru wa zai yi masa sutura? Ban ji haushinki ba, don abin da kika faɗa a fili shi nake faɗa wa kaina a ɓoye.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Alhaji shekara biyu da suka wuce, jikin ya warware fiye da yadda aka zata. Bakinsa ya miƙe, hannun hagu ya dawo kaɗan-kaɗan, ƙafar ce kawai yake ja. Kine ɗin, wato ma'aikacin da ke motsa masa jiki a lofital, asibitinmu ke nan, ya sha faɗa mana cewa maganin ƙafar nan tafiya, in ba a taka ta ba za ta ƙage. To amma kin san mijin yayar taki. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kutsawa tsakiyar garke a kasuwar Adumri, ya kama ƙahon bijimi ya duba haƙoransa, ba zai yarda 'yan tike su gan shi yana jan ƙafa ba. Ya zauna a zaure ya ƙi fita, har abokansa suka gaji da lallashi. Ana saura kwana kaɗan mu tashi ya kira ƙanensa ya ce idan mun dawo zai raba wa yara shanunsa, shi ya gama nasa. Ni kuma ya ce mini ba yawon buɗe ido zai je ba, zai je ne ya sa wa 'yarsa albarka, don bai san ko za su sake ganawa ba. Da wannan magana a ƙirjina na hau jirgi.

Nazira tana zaune a wani gari wai shi Linz, can take aikin jinya. Gidanta ƙarami ne amma tsaf, ta kuwa yi mana hidima har na ji kunya. Sai dai makon farko babanta ya mayar da kujerar bakin taga zaurensa, yana jan carbi yana kallon titi. Ranar hutunta ta ce lallai sai ta kai mu wani tsohon gari da ke kusa, ana rubuta shi Steyr, su kuwa kamar Shitaya suke faɗa. Ya ce mu je mu ba shi labari. Yarinyar nan ta san lagon ubanta, sai ta ce ai shi ke nan, da ma shanun da ke kan hanya take so ya gaya mata ko na kirki ne. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa.

Tafiyar jirgin ƙasa ce da ba ta kai awa guda ba. Ya kuwa ga shanun, jajaye masu roɗin fari, manya-manya, ba tozo, wasu ko ƙaho babu. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce nama kam akwai, amma saniya ba tozo kamar malami ne ba rawani. Nazira ta yi dariya har mutanen jirgi suka waiwayo, shi ma ya murmusa, abin da na manta rabon da in gani.

Garin kuwa, Kaltumi, da ma kina nan. Ba shi da girma, unguwa biyu ta Garwa za ta haɗiye shi. A tsakiyarsa akwai wani dogon fili, gidaje sun kewaye shi kafaɗa da kafaɗa, wannan ruwan ƙwai, wancan kore, na gaba ruwan hoda, kamar yadda nake jera atamfa a shagona. Nazira ta nuna mana wani mai tsinin rufi ta ce ya haura shekara ɗari biyar, kuma har yau ana shiga ana fita. Ta ce asali garin maƙera ne, wuƙaƙe da ƙusoshi suka yi masa arziki, shi ya sa kusan kowace ƙofa da ƙarfen ado a rataye. Ƙasan duk duwatsu ne aka shimfiɗa, sandar Alhaji sai maƙalewa take tsakaninsu, yana tsaki. Muka isa gada inda koguna biyu suke haɗuwa, ɗaya kore shar kana ganin tsakuwar ƙasansa, ɗayan ruwan toka, suna tafiya gefe da gefe kafin su gauraya. A jikin wani bango sun zana inda ambaliya ta kai a shekaru daban-daban, wani zanen ya fi kaina nesa. Na ce ashe su ma sun san abin da muka sani, duk mai maƙwabtaka da kogi ba ya barci da ido biyu rufe. Muka ci kifi da dankali, muka samu wani lungu a bakin ruwa muka yi azahar.

Daga nan Nazira ta ce akwai wani tudu da ake ce wa Tabor, daga kansa ana ganin garin duka, kuma an yi masa asansa, na'urar nan mai ɗaga mutane sama, sai dai wanda ke son wahala ya bi tsohuwar matakala. Ta zaunar da mu a benci ta tafi duba na'urar. Muna zaune sai ga wata tsohuwa, kanta fari fat, bayanta ya ranƙwafa, sanda biyu a hannu, da 'yar jaka a goye furanni sun leƙo daga ciki. Ta wuce hanyar asansar ko kallonta ba ta yi ba, ta nufi matakala. Da ta zo daidai mu ta tsaya ta gaishe mu da yarensu, Alhaji ya amsa da Faransanci bisa sabo, sai ga shi ita ma ta iya, wai tun a makaranta ta koya. Ta ce sunanta Brigitte, ta wuce tamanin, kuma ƙarfe ne a ƙugunta. Mijinta yana kwance a maƙabartar da ke saman tudun, kowane mako takan kai masa furanni, kuma da ƙafa take hawa, asansa ta saukowa ce. Ta dubi ƙafar Alhaji sau ɗaya, ba tausayi ba mamaki, sannan ta tambaye shi ko shi ma hawa zai yi, don in haka ne gara su fara kafin yamma ta yi. Ta yi gaba abinta.

Sai na ga mutumin nan ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa ya miƙe. Nazira ta dawo ta tarar da shi a kan matakala, ta buɗe baki za ta hana, na ƙifta mata ido ta yi shiru. Haka muka bi shi, yana ɗora ƙafar dama yana jawo ta hagu, sannu sannu, seese seese in ji Fulani, ya huta ya ci gaba. Samari da 'yan mata suna wuce mu, babu wanda ya tsaya kallo. Tsohuwar tana can gaba, ƙarar sandunanta kawai muke ji. Wajen tsakiya ƙafar ta fara rawa, sandarsa ta suɓuce ta gangara ƙasa, Nazira ta bi ta da gudu. Ya riƙe ƙarfen gefe da hannun dama yana tangaɗi, ni kuwa maganarki ta sutura ta faɗo mini. Sai ya miƙo mini hannun hagu, wanda yake ɓoyewa cikin riga in baƙi sun zo. Kaltumi, shekara talatin da huɗu da aurenmu mutumin nan bai taɓa riƙe hannuna a gaban jama'a ba. Ya kira ni Salamatu, ba Hajiya ba, ya ce kada in sake shi. Da Nazira ta kawo sandar ya ce ta riƙe masa, ya samu wata.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san mun isa, rigarsa sharkaf da gumi duk da sanyin garin. Ya zauna yana haki, ga jajayen rufi a ƙarƙashinmu, ga kogunan nan biyu, ga tsaunuka can nesa kamar wanda ya hau dutsen Tingilin ya dubi Garwa. Alhamdu lillahi kawai yake maimaitawa a hankali. Nazira ta juya mana baya wai tana ɗaukar hoto, amma na ga kafaɗunta suna motsi. Tsohuwar tana zaune a gefe tana hutawa. Ta zaro fure ɗaya daga na mijinta ta miƙa mini, ta ce ni na yi aiki mafi nauyi, sannan ta tattara sandunanta ta tafi. Ko lambarta ba mu karɓa ba. Mu ma da asansa muka sauko.

Ba zan ce miki ƙafar ta warke ba. Washegari ma kumbura ta yi, Nazira ta haɗa mu duka biyu ta yi mana faɗa kamar ita ta haife mu. Har yanzu yana jan ta. Amma da muka dawo, ranar kasuwar Adumri ta farko ya sa ƙanensa ya kai shi a mota, ya zaga tike da sandarsa kowa yana gani, ya dawo da karsana biyu. Maganar rabon shanu bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tuna masa ba, don mai sayen karsana yana sa ran ganin maraƙi. Yanzu kullum da hantsi sai mun taka zuwa hanyar gada mu dawo, ya ce ba ya zuwa sai da ni, har ina makara buɗe shago, matan layinmu suna yi mini tsiya wai na koma amarya. Hannu dai ba ya riƙewa a nan, ya ce wannan al'adar can ce, amma in za mu tsallake kwata sai in ji ya kama gefen mayafina. Wani lokaci nakan ce masa shekara biyu ina roƙonsa ya taka ko ƙofar gida ya ƙi, tsohuwar wani gari ta yi magana ɗaya ya hau tudu. Sai ya ce ai kunya ce ta zaunar da shi, kunya ce kuma ta tashe shi.

Dawuda zai ba ki 'yar wuƙar da na sayo miki a can, ki gwada ta a albasa ki ba ni labari, ga kuma kilishi daga Inna. Ki gaishe mini da Malam Zaharaddin da kyau, da Zainabu da ƙannenta, da maƙwabciyarki Léontine da ta yi mana kirki lokacin da na zo. Inna da Hamida suna gaishe ku. Alhaji ya ce in gaya wa maigidanki, idan za ku zo babbar sallah kada ya nemi wanda zai tarbe ku a filin jirgi, shi da kansa za ku tarar a tsaye a bakin ƙofa.

Allah Ya sada mu da alheri.

Taki har kullum, yayarki,
Salamatu