Injin da na hana ɗana, yau ni ke zaryar sayensa

Malam mai wannan fili, ina gaisuwa. Don Allah ka taimake ni da shawara, domin na kai inda ba na iya gaya wa kowa a gidana gaskiyar abin da ke raina. Tambayata a fili gajeriya ce: akwai injin yankan itace na hannu da na gani ana sayarwa, in saya ko in bari? Amma ka yi haƙuri da ni, sai na ɗan zagaya kafin ka gane dalilin da ya sa tsoho kamar ni ya rasa sukuni a kan ƙarfe.

Ni manomi ne, na haura sittin. Na ɗan yi makaranta, shi ya sa nake karanta filinka, amma rayuwata duka a gona na yi ta. A damunar da ta wuce iska ta kayar mini da tsofaffin bishiyoyin mangwaro uku a ƙasan gona, wajen rafi, inda ƙasar ta fi kyau. Sun kwanta a gicciye, garma ba ta da hanyar wucewa. Na ɗauki gatari na yi ta maza, kwana tara ina sara. Na samu na rage rassa, amma gangar jikin ko gezau. A rana ta tara kafaɗata ta dama ta ce ta gaji da ni, har yau ba na iya ɗaga hannu in sa riga sai da dabara. Bishiyoyin suna nan kwance, ciyawa ta fara rufe su.

Injin kuwa a shagon wani bakanike na gan shi, mai gyaran injin ban-ruwa da janareta, wanda muke kira Mai Sifana. Yana ajiye a kan benci a kusurwa, fentinsa ya koɗe, an naɗe mariƙinsa da robar tayar keke. Ya ce wani ne ya kawo gyara, daga baya ya ce a sayar masa. Tun ranar da na gan shi, duk ranar kasuwa sai ƙafata ta kai ni shagon nan ko ba ni da abin gyara. Mai Sifana har ya fara tsokanata, wai in zo da dangina a yi magana tunda kullum ina zuwa zance. Kullum yakan ce in dawo da la'asar lokacin da aiki ya lafa, kuma in na dawo, ja ɗaya yake yi wa igiyar injin ya tashi. Yana hayaƙi da ɗan yawa, sarƙar da ke yankan ta ɗan saki, kuma na lura akwai tabon mai a kan bencin daidai inda yake zama. Ya ce duk wannan ba komai ba ne, haka tsofaffin injina masu ƙarko suke. Ni ban sani ba. Kuɗinsa bai kai rabin na sabo ba, amma duk da haka sai na sayar da ɗan bijimin da nake kiwo kafin in iya.

Da na gaya wa mai ɗakina, tambaya ɗaya ta yi mini, wai wa zai riƙe shi. Na ce ni zan koya. Ta dubi kafaɗata, ta dube ni, ta ci gaba da tsintar wakenta. Shekara talatin da bakwai muna tare, ta san lokacin da nake ƙarya.

To ga gaskiyar, Malam. Ina da ɗa, babban ɗana, wanda ya san wannan inji kamar yadda na san gatari. Tun yana saurayi yake bin wani mai yankan katako da rani, har ya gwanance. Shekara shida da suka wuce ya same ni ya ce mu sayar da wani kaso na amfanin gona mu sayi inji, ya share mana ƙasan gona, sauran lokaci kuma ya riƙa yi wa mutane aiki, ba sai ya je ko'ina neman abin yi ba. Ya kawo maganar sau biyu a gida na yi biris da shi. Karo na uku ya kawo ta a gona, muna hutun rana tare da 'yan ƙwadago. Ban san abin da ya hau kaina ba. Na ɗauki gatari na jefa a gabansa, na ce da wannan na ciyar da shi har ya yi gemu, in hannunsa ya yi laushi ya faɗa kawai. Na kira shi Injiniya. 'Yan ƙwadagon suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Shi kuwa ya ɗauki gatarin ya yi aiki har yamma, ya wanke shi ya jingine a bayan ƙofa. Bayan mako biyu ya tafi. Sunan kuma ya bi shi, har yau abokansa in sun gan ni sai su tambaye ni labarin Injiniya, ba su san yadda abin ke sukar raina ba.

Yanzu yana can nesa, tafiyar yini guda, yana aiki da masu sare rassan da ke taɓa wayoyin lantarki. Ya yi aure, yana da ɗiya, sau biyu kawai na taɓa ganinta. Ba zan ce ya yanke zumunci ba, kar in yi masa ƙazafi. Duk ƙarshen mako yana kiran mahaifiyarsa, su yi ta hira, ina zaune a gefe ina yin kamar ina gyaran rediyo alhali kunnena yana wurinsu. In ta miƙo mini wayar sai mu gaisa, ya tambayi jiki da gona, in ce lafiya lau, in tambayi aiki da iyali, ya ce lafiya lau, shi ke nan, sai in mayar mata. In ya zo gida, sau ɗaya a shekara, kwana biyu yake yi, kuma ƙafarsa ba ta sake taka gonar nan ba. Maganar kafaɗa ma na hana a gaya masa.

Ina kewar yaron nan, Malam, kewa mai tsanani. Ɗakinsa yana nan, na hana a zuba buhuna a ciki. Akwai tsohon magagarin da yake wasa haƙoran sarƙa da shi a kan tagar, ban taɓa ɗagawa ba. Wani lokaci ina gona in ji ƙarar inji daga gonar wani, sai in tsaya da aiki in yi ta saurare har a kashe. Shi ne kaɗai cikin 'ya'yana ya ɗauko son ƙasa. Ƙannensa duk karatu suka bi, kuma na gode Allah, amma ba wanda zai iya gaya maka inda ruwa ke kwanciya a gonar nan sai shi. Ni na kore shi da bakina, don kawai a ga ni ne babba a gaban mutane.

Abin da na shirya a raina shi ne in sayi injin, in goge shi tas, in ajiye a tsakiyar ɗakinsa, in sa ƙanwarsa ta ɗauki hoto ta tura masa ba tare da wata magana ba. Na san zai gane. Nakan zauna in yi ta hasko shi a ƙasan gona yana yanka gangar mangwaron nan gunduwa-gunduwa, ni ina jan rassa da hannuna mai lafiya, ɗiyarsa tana wasa da garin katako. Sai kuma tsoro ya kama ni, kar in sayar da bijimi in kwaso ruɓaɓɓen ƙarfe, ya zo ya ja igiya ya ƙi tashi, kunya ta ƙaru a kan kunya. Shi ya sa na ce bari in tambaye ka. Yaya ake gane inji mai kyau? Kuma kana ganin in ya ga hoton zai zo?

Naka,
Tsoho mai gatari

Baba mai gatari, na gode da ka amince mini da wannan magana, Allah ya ba ka lafiyar kafaɗa. Tambaya biyu ka yi, bari in fara da mai sauƙin.

Abu na farko da ya tsaya mini a wasiƙarka shi ne la'asar ɗin nan. Injin da aka riga aka tayar ya yi zafi, ko ya gaji zai tashi da ja ɗaya. Ka je da sassafe kafin a buɗe shago sosai, ka ɗora hannunka a jikinsa ka tabbata da sanyi, sannan a tayar a gabanka. Ba na cewa Mai Sifana yana yaudararka, mai yiwuwa da gaske aiki ke yi masa yawa da safe, amma mai kaya mai kyau ba zai ƙi wannan gwaji ba. A riƙe igiyar a saki injin: in ya sulale ƙasa da sauri, cikinsa ya cinye. A cire salansa, wato mafitar hayaƙi, a leƙa fistin, ƙarfen nan mai kai-komo a cikin injin, in akwai zane-zanen karcewa a jikinsa, ka haƙura. A tayar da shi kusa da kwali a ga ko sarƙar tana fesa mai, a gwada birkin sarƙar a ga yana kamawa nan take, a binciki inda man nan na kan benci yake fitowa. Sarƙa da ta saki ba babbar matsala ba ce, ana ɗaure ta ko a canza. Ka tambaya ko ana samun kayan gyaran irinsa a kusa, sannan a kai shi kan gungume na gaske ya yi aiki na ɗan lokaci, ba ihu kawai a cikin shago ba.

Na biyu, kuma a nan ina bayan mai ɗakinka ɗari bisa ɗari: kada ka riƙe injin nan da kanka. Bishiyar da ta faɗi tana danne da nauyi a wuraren da ido ba ya gani, tana iya matse sarƙa ko ta harbo injin zuwa fuskar mutum. Ba a nan ake fara koyo ba, balle da hannu ɗaya. Ka je asibiti a duba kafaɗar. In don bishiya uku ne kawai, ɗaukar mai inji ya yi maka aikin yini ɗaya ko biyu ya fi sayar da bijimi sauƙi nesa ba kusa ba. Sayen inji yana da riba ne in akwai gwanin da zai riƙa aiki da shi kullum.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta biyu. Ba zan ɗora maka laifin duka ba. Uban da ya yi ɗari-ɗarin taɓa abincin gidansa don sayen inji yana da hujja, ko da a ce lissafin ɗan ne ya fi daidai. Inda ka kuskure shi ne wurin da ka yi maganar da yadda ka yi ta, kuma ka riga ni faɗar hakan. Shi ma yana da nasa, shekara shida ta yi yawa ga gaisuwar lafiya lau. Amma dubi yadda yake kira duk mako, yana tambayar gona. Wanda ya cire ransa daga wuri ba ya tambayarsa.

Hoton nan kuwa, ka bar shi. Kai kana ganin ban-haƙuri a cikinsa, shi yana iya ganin umarni, wato ya bar aikinsa ya kwaso iyali ya dawo don an saya masa tsohon inji bayan shekara shida. Yana ma iya ɗauka tsokanar ce aka sabunta. In ka sake yanke hukunci kai kaɗai a kan abin da ya fi ka sani, ka ga ba a canza komai ba ke nan. Kuma in gaya maka gaskiya, ba lallai ne ya dawo gaba ɗaya ba. Magidanci ne yanzu, yana da inda yake cin abinci. Mai yiwuwa abin da za ka samu shi ne mako guda a lokacin hutunsa, da hira mai tsawo a waya. Ka shirya wa hakan tun yanzu, kada ka raina shi in ya zo.

Ga shawarata. Kada ka sayar da bijimi tukuna. Ka kira ɗanka da kanka, a wayarka, ba wadda aka miƙo maka ba, kuma ka kira shi da sunansa na gaskiya. Ka gaya masa bishiyoyi sun faɗi, gatari ya gagara, kafaɗarka ta samu matsala. Ka ce ka ga inji amma ba ka san kansa ba, shi ya sani, kana so ya duba maka, ko ta waya shi da Mai Sifana, ko ya zo da kansa. In bakinka ya iya, ka ƙara da cewa abin da ka yi masa a gaban 'yan ƙwadago bai dace ba. Na san wannan ya fi saran kwana tara wuya, amma minti biyu ne.

In ya duba ya ce a saya, ka saya. In ya ce injin ya mutu, ka bar shi a kan bencin ko da ranka yana so, kuma ka gaya masa ka bari ne saboda shi ya ce a bari. Sau uku ya zo maka da magana a kan inji ba ka saurare shi ba, wannan karon ka saurara.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba ka lafiya, ya sa ka ga jikarka a gonar nan.