Kanarin da Ya Fito daga Daji

Zuwa ga Babana, Malam Audu masassaƙi,

Assalamu alaikum, Baba. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Ko da kana da rai ma ni ce mai karanta maka wasiƙa. Amma tun ranar Talata akwai maganar da ke raina, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Har yanzu ina koyarwa a firamare, nan cikin Birnin Gwari. Makon nan darasinmu a kan jiharmu ne. Na zana wa yara taswira a allo, na nuna musu kada, alamar Kaduna, na sa suka haddace ƙananan hukumomi ashirin da uku da yawan jama'ar da littafi ya ce muna da su. Ɓangarenmu na yamma kuwa, kore kawai aka shafa a littafin aka rubuta daji, sai ka ce ba kowa ciki sai birai. Da na ga gyangyaɗi ya fara ɗibar su, sai na ce gobe kowa ya zo da abin da yake ganin shi ne alamar garinsu.

Washegari aka zo da zangarniyar dawa da masara, wani ja'iri har da dutsen da ya rantse zinariya ce. Sai wata yarinya, Shatu, cikin waɗanda iyayensu suka fito daga daji bayan sulhu, ta ciro tsuntsun itace daga ƙarƙashin hijabinta. Kanari ne. Ta sa wutsiyar a baki ta hura.

Baba, alli ya suɓuce daga hannuna. Kukan nan ne da kake kiran mu da shi daga gona a Kakangi in rana ta yi. Na karɓa na duba. Ga idanun da kake ƙonawa da ƙusa mai zafi. Ga kuma yankan nan da kake zagaya wuya da shi, tun da Liman ya ce bai kamata a sassaƙa mai rai a bar shi cikakke ba. Wa ke yanka tsuntsun itace a duk ƙasar nan in ba kai ba?

Da farko na ɗauka daga aljihunka aka zare shi ranar da 'yan bindiga suka tare ku a hanya. Amma itacen sabo ne, bai yi baƙi kamar wanda ka yi mini ba. Yarinyar kuma ta ce Kakanta ne ya yi mata a daji, tana zaune kusa da shi.

Da aka tashi na bi ta har gidansu. Na tambayi uwarta labarin wanda ya sassaƙa kanarin. Ta ce an kawo wani tsoho da rauni a cinya, kuma ya warke. Ta ce da mazajensu suka nemi lambar wayar 'yan'uwanka, ka ce ba ka da kowa, ba mata, ba ɗa, ba jika. Sun doke ka, ba ka sake magana ba. Da suka gaji sai suka bar ka kana sassaƙa wa mata turmi da akushi da muciya, yaransu suna kiran ka Kaka. Damina biyu ka yi a wurinsu kafin zazzaɓi ya ɗauke ka.

Damina biyu, Baba!

Mu kuwa hularka aka kawo mana da jini, waɗanda suka tsira suka ce sun ga faɗuwarka. Aka yi maka salla ba gawa. Inna ta yi takaba ta gama. Na haifi namiji muka sa masa sunanka, aka ci tuwon suna, ashe a lokacin kana can kana feƙe itace, tafiyar da babur zai yi ya dawo kafin azahar. Ba wanda ya neme ka. Wa ke neman wanda aka riga aka yi wa addu'ar arba'in?

Na san dalilinka. Ka ga yadda maƙwabta suka sayar da gona da shanu don karɓo nasu, ka ƙi mu zama haka. To gonar tana nan. Bana Sani ƙanena ya koma ya shuka masara, kuma ta yi kyau. Amma wa ya ce maka gona muke so? Me ya sa ba ka bar mu mun zaɓa da kanmu ba? Wallahi ina jin haushinka, kuma ban taɓa ƙaunar ka kamar yau ba. Ban taɓa gaya maka ba, kanarin da ka yi mini ina ƙarama bai taɓa barin jakata ba, har a kwaleji.

Ban karɓe na Shatu ba. Na so in karɓe. Amma da na ga yadda ta ƙanƙame shi, na gane ita ma ta yi rashin kaka. Ubanta na cikin waɗanda suka doke ka ko ba ya ciki, ban tambaya ba, don ranar Litinin sai na tsaya gabanta na koya mata.

Saura Inna. Tun Talata take tambayar me ya hana ni cin abinci, ina ce mata ciwon kai ne. Ta yaya zan ce mata ta yi takabar mijin da ke raye? Amma uwar Shatu ta ce an yi maka wanka an yi maka salla, kuma ta san tsamiyar da aka binne ka a gindinta, bakin wani rafi. Ta yarda ta kai mu ranar Asabar. Ba zan je in bar Inna a gida ba. Ina ajiye alƙalamin nan zan shiga ɗakinta.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Baba. Muna nan tafe.

'Yarka, wadda ka ce ba ka da ita,
Hadiza